Baba Nomau da 'Yar La'asar

Baba Nomau ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Shi ne abu na farko da aka gaya mini a kansa lokacin da aka aiko ni Damagaram koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1955, na kama ɗaki a cikin Birni, katanga ɗaya da gidansa. Mai gidan da na sauka ne ya faɗa mini yana dariya. Ya ce mutumin da ke rainon furanni a gidan likitan Nasara bai taɓa jin ƙamshin ko ɗaya ba, matarsa kuwa ita ce mai haɗa turaren da ya fi na kowa a unguwa.

Mutumin Hamdara ne, manomin gero da gyaɗa, gajere mai faɗin kafaɗa, ba mai yawan magana ba. Yana saurayi yakan tafi cin rani Gidimuni wurin masu dabino. A can ya koyi hawa bishiya da reshen furen namiji, a kaɗa garinsa a kan furen mace don ta yi 'ya'ya. A can ne kuma ya faɗo wata rana, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya yi kwana uku bai san inda yake ba. Da ya tashi komai nasa lafiya lau, sai hancin ne ya tafi. Ya ce mini a farko abin da ya fi damunsa shi ne ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari. Daga baya ya manta yadda yake, ya daina nema.

Matarsa ta fari ta rasu, 'yarsu guda tana ɗakin miji a Zarmu, ga damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Sai ya bar gona a hannun ƙanensa ya shigo gari, a 1951, yana da shekara kusan hamsin. Ya fara da ɗaukar ruwa a gidan likita. Da tsohon mai garkar gidan ya koma ƙauyensu, aka miƙa wa Nomau arozuwar, wato butar ban ruwa, da fartanya, aka ce daga yau shi ne.

Yin garkar fure a Damagaram ba ƙaramin aiki ba ne, don garin duwatsu ne, ruwansa a wahalce ake samu. Matar likita, wadda kowa ke kira Madam, takan dawo daga hutu da iri iri-iri a 'yan ƙunshin takarda masu hoto. Yawancinsu sai su tsiro, su ga ranar garinmu, su kwanta. Ɗaya ne ya ji daɗin zama. Tsiro ne da ke kai wa gwiwa ko cinya, mai ganye lubus, furensa kamar bakin ƙaramin kakaki. Duk yini a rufe yake. In an kira la'asar sai ya fara buɗewa, ya kwana a buɗe, hantsi na yi ya rufe. Madam tana da sunan da take kiransa da Faransanci, amma Nomau ya sa masa 'yar la'asar, kuma sunan da ya bi shi ke nan a Birni. Kowane fure yana barin ƙwaya ɗaya, baƙa mai tamoji, ta ɗan fi masoro girma.

Kala biyu Madam ta kawo, ja da fari. Nomau ya shuka su kusa da juna. Da suka yi iri ya tara, kamar yadda kowane manomi zai yi, ya ɗebi kaɗan ya watsa a tsakar gidan da yake haya.

Waɗannan na gida su ne suka kawo masa Ya Bintu. Bazawara ce, kakanninta daga Barno suka zo, tana zaune a bayan gidansa tana haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa matan gari. Wata rana da almuru ta yi sallama a ƙofarsa, ta ce akwai wani ƙamshi da ke tsallako katanga kwana biyar ke nan, ba ta san shi ba, ita kuwa ba ta saba jin ƙamshin da ba ta sani ba. Ya ce mata shi bai san da wani ƙamshi ba, amma ta shigo ta duba. Ta tsuguna gaban farin, ta daɗe. Ta matsa gaban jan, ta miƙe nan da nan.

"Wannan farin yana magana," in ji ta. "Jan nan kuwa bebe ne. Kyau kawai gare shi."

Nomau ya ce mini shekara guda yana shayar da su safe da yamma, bai san akwai wani bambanci tsakaninsu da ya wuce na ido ba. Ya tambaye ta ko za ta dawo gobe ta ƙara gaya masa. Ta dawo. Kafin azumin wannan shekara aka ɗaura musu aure, ya koma gidanta da zama, da tsiransa a cikin fasassun tukwane.

A damina ta gaba, cikin irin da ya tara, sai ga wasu tsirai sun fito da kalar da ba wanda ya shuka: ruwan hoda, tsakanin ja da fari. Madam ta gani ta ƙyasa. Ta sa kuku ya fassara masa cewa baɗi, ranar bikin Faransa na sha huɗu ga Yuli, tana son duk gefen baranda ya zama wannan kalar kaɗai. Nomau ya ce babu wuya. Ya tara irin masu ruwan hoda daban, bai bari ko ƙwaya ɗaya ta wani ta shiga ba, ya zuba a ƙwarya ya rataye. Ya shuka da wuri, yana ba su ruwan wanka da na wanke-wanke har ruwan sama ya sauka.

Da suka buɗe, sai ga ja, ga fari, ga ruwan hoda, duk a cakuɗe.

Madam ta ce ya yi sakaci ya haɗa iri. Ba ta yi faɗa sosai ba, amma ta faɗa a gaban kuku da mai wanki, kuma wannan ya tsaya masa a rai. Da yake ba ni labarin, shekara guda bayan nan, har lokacin muryarsa tana sauyawa. Mushe yake kirana, yadda ake kiran malaman lakwal da ma'aikata da Faransanci.

"Mushe, shekara talatin ina zaɓen iri. Ban taɓa shuka geron zango ya fito mini maiwa ba. Da hannuna na tsinke su ɗaya bayan ɗaya."

Bai yi musu da ita ba. Abin da ya yi shi ne ya sake gwadawa a gida, inda ba mai ganin laifinsa. Ya zaɓi tsiro masu ruwan hoda, ya nisanta su da sauran, ya tara irinsu, ya shuka. Ya ajiye gwangwani uku. Duk tsiron da ya buɗe furensa na fari, sai ya jefa tsakuwa a gwangwanin kalarsa. A wannan hali na same shi. Na leƙa ta kan katanga wata la'asar na ga dattijo tsugune yana jefa tsakuwa a gwangwani, na gaishe shi, ya ce in zagayo.

Ya juye tsakuwar a ƙasa, tsibi uku. Na ja da na fari kusan kai ɗaya. Na ruwan hoda ya kai su biyun a haɗe. Ya ce na bara ma, da ya ƙirga a gidan likita, haka suka tashi. Ya kuma ce irin ja zalla ja yake bayarwa, irin fari fari, in dai ba a bar su kusa da juna ba. Mai ruwan hoda ne kaɗai ba ya riƙe amana.

"Ni dai ga abin da na gani," in ji shi. "Da na ɗauka ja da fari sun narke ne, kamar a zuba nono a kunu. Ashe ba su narke ba. Suna zaune ne ɗaki ɗaya, kowa da kayansa. In an zo wajen 'ya'ya sai kowa ya fito. Abin da ban gane ba, me ya sa kullum rabon haka yake."

Sai na tuna wani darasi da aka yi mana a Yamai, wanda na haddace don jarrabawa ban taɓa tsammanin zan gan shi a tsakar gidan wani ba. Labarin wani malamin coci ne a ƙasar Turai da ya yi shekaru yana aurar da wake yana ƙirgawa. Na rasa yadda zan faɗa da Hausa, sai na roƙi Ya Bintu goro huɗu, ja biyu, fari biyu. Na cire hulata na sa ja ɗaya da fari ɗaya a ciki, na ce wannan uwa ce. Na karɓi tasa na yi haka, na ce wannan uba ne. Na ce ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowace hula, abin da ya fito shi ne ɗa. Ja da ja, ja. Fari da fari, fari. Ɗaya da ɗaya, ruwan hoda.

Ya ɗauka, ya mayar, ya ɗauka. Ya jawo gwangwanayensa ya ci gaba yana jefa tsakuwa. Na yi zaton sau goma zai yi ya bari. Aka kira magariba muka je muka dawo, ya koma kai. Da ya juye, tsibin tsakiya ya fi, na gefe biyu kusan daidai. Ya daɗe yana kallonsu.

"Hanya biyu ce ke kai wa ruwan hoda," ya ce. "Ko jan ya zo daga uwa, ko ya zo daga uba. Sauran hanya ɗai-ɗai gare su."

Ni da aka koya wa abin a allo, sai a wannan rana na gane shi. Ya mayar mini da hulata, ya ɓare goro ɗaya ya ba ni rabi, sannan ya tambaya, "Shi wannan mutumin na wake, ya faɗi ta ƙamshi?"

Na ce iyakar sanina bai faɗa ba.

"To," in ji shi.

Matsalar Madam ba littafi ne ya warware ta ba, rani ne. A bazarar 1956 ruwa ya yi wuya ƙwarai, har likita ya hana a zuba ko digo a garka. Tsirai suka bushe ƙurmus. Nomau ya zo tuge su don ya gyara wuri, sai ya tarar kowane yana da saiwa mai kauri a ƙasa, baƙa, kamar ƙaramin rogo. Ya san gurbin kowace kala, don haka ya ware su, ya binne a busasshen rairayi a inuwa. Ruwan fari na sauka ya mayar da su ƙasa. Kowace ta tofo da kalarta ta da, ba wadda ta sauya. Ya gwada tsaga manyan gida biyu, kowane ɓari ya tofo. Ya ce mini iri yana da uwa da uba, shi ya sa yake da baki biyu, saiwa kuwa ba ɗiya ba ce, ita ce dai tsiron da kansa ya sake tashi. A shekara ta gaba gefen baranda ya zama ruwan hoda tun daga wannan kusurwa har waccan. Madam ta kira baƙinta suka gani. Ba ta tuna maganar sakaci ba, shi ma bai tuna mata ba.

Amma zuciyarsa tana kan aikin gida. Shi da Ya Bintu sun ƙudura za su samo ja mai magana, wato fure mai jan nan sosai da ƙamshin farin. Aikin hannu nasa ne. Kafin la'asar, fure bai buɗe ba, yakan tsaga shi a hankali da ƙaya ya cire 'yan zarurrukan da ke ɗauke da gari, don kada ya auri kansa. In sauran sun buɗe sai ya ɗebo garin wanda yake so da gashin zabuwa ya shafa masa, yadda ya koya a kan dabino, sai dai nan ba hawa. Aikin hanci nata ne. Da almuru takan bi tsirai ɗaya bayan ɗaya da ƙullin zaren auduga a hannu. Wanda ba shi da komai ta wuce. Mai ɗan kaɗan ta ɗaura masa zare da ƙulli ɗaya, wanda ya fi ƙulli biyu. Ƙulli uku sai wanda ya tsayar da ita. Bayan kowane biyar takan ja da baya ta shaƙi hannun rigarta, ta ce hanci ma yana gajiya.

Ruwan alwalarsu da na wanke hatsi duk a gindin tsiran nan yake ƙarewa. Nawa ma ya koma can, ta wata kafa da muka huda a gindin katanga.

Ƙamshi bai yarda ya shiga gwangwani uku ba. Yana da hawa-hawa, kuma ɗiyan mai ƙulli uku sukan fito da ɗaya, ko biyu, wani lokaci ba komai. Nomau ya ce da alama ba goro ɗaya ke ɗauke da shi ba, goro ne da yawa a hula da yawa, sai sun taru a tsiro ɗaya. Ya Bintu ta ƙara da cewa ba yawa kaɗai ba ne, akwai iri: wani yana da zaƙi, wani yana da ɗan kaifi a ƙarshe. Na taɓa jin su ta kan katanga.

"Kamar me?" ya tambaye ta.

"Kamar furen lemo, amma an sa masa zuma kaɗan."

"Ban riƙe na lemo ba."

Sai ta ce, "To, ka san in ka sha ruwan sabuwar randa da rana tsaka? Sanyin nan da ke biyo baya. Kamar shi ne, amma ta hanci."

"Wannan na san shi," in ji shi.

Ta yi ƙoƙarin kama ƙamshin a sana'arta. Ta jiƙa furen a mai, ta shanya, ta turara, duk bai zauna ba. Ta ce fure ne mai rowa, ba ya bin kowa gida.

A daminar 1958, lokacin da gari ya ɗauki zafi kan zaɓen i ko a'a na ci gaba da zama da Faransa, ana ta gardama a kasuwa da bakin masallaci, su abin da ya faru a gidansu daban ne. Wani tsiro na zuriya ta uku ya buɗe ja wur, Ya Bintu ta tsuguna gabansa ba ta tashi ba. Ta ɗaura zare, ta ƙulla uku, ta ƙara na huɗu. Ta aika aka kira ni in shaida. Na shaƙa, lalle akwai ƙamshi, har ya fi na farin da na sani. Nomau yana tsaye yana kallon fuskokinmu, daga nan yake karanta abin. Ya ce saura a gani ko zai ba 'ya'yansa, don saiwa ɗaya in ta ruɓe shi ke nan.

Ba ta ga 'ya'yan ba. A bazarar 1959 sanƙarau ya shigo gari, ya kama ta ranar Talata. Likita da kansa ya zo Birni ya yi mata allura, aka ɗauke ta zuwa asibiti, ranar Asabar ta cika. Nomau ya yi zaman makoki, ya koma aiki. Kwalabenta da kaskon turarenta ya bar su inda suke. Ya ce mini mutane suna shigowa ɗakin suna cewa har yanzu ƙamshinta na nan, shi kuwa sai dai ya ce musu haka ne.

Da ruwa ya sauka ya shuka irin jan nan, tsiro sittin da wani abu. Suka buɗe, yawancinsu ja. Sai aka rasa mai ɗaura zare. Ya kira ni, na gwada, daga tsiro na shida duk suka zama mini ɗaya. Ya roƙi matan maƙwabta, kowace ta faɗi nata, wata ma don ta faranta masa ta ce duka suna da ƙamshi. Ya yi musu godiya. Kwana da kwanaki ina ganinsa zaune a kan turmi da almuru, zaren yana hannunsa, ba ya ɗaura wa kowa. Na ɗauka aikin ya ƙare ke nan.

Zaman nan ne ya nuna masa abin da bai taɓa lura da shi ba, don da can idonsa yana kan matarsa ne a wannan lokaci. Akwai wani irin malam-buɗe-littafi mai kaurin jiki, toka-toka, da ke zuwa in rana ta faɗi. Ba ya sauka a kan fure, yakan tsaya a iska yana kaɗa fiffike ya zura dogon bakinsa ciki. Nomau ya ga ba kowane tsiro suke fara zuwa ba. Suna shigowa ta kan katanga su nufi tsohon jan nan mai ƙulli huɗu, daga shi sai wasu 'yan kaɗan cikin sababbin, kullum su ɗin dai. Ya sauya wa tukwane wuri don ya ga ko gurbin suke bi. Suka bi tukwanen. Sai ya fara ɗaura zare.

"Ban sani ba ko abin da suke so shi ne abin da take so," ya ce mini. "Amma su ma da hanci suke zuwa, ba da ido ba. Duk ja ne."

A ƙarshen damina Zara, 'yar Ya Bintu ta wurin mijinta na fari, ta zo daga Gure ɗaukar kayan uwarta. Ita ma ta gaji sana'ar. Ya roƙe ta ta bi tsiran, bai gaya mata ma'anar zaren ba. Cikin goma da ya ɗaura wa, ta tsaya a kan bakwai. Ta kuma nuna wani guda a lungu da ƙwarin ba su kula shi ba, ta ce wannan da Inna tana nan da shi za ta zaɓa. Ya tara irin takwas ɗin, na lungun ya sa shi a ƙwarya daban.

Akwai kuma wata kala da ya samu a gefe. Tun 1957 matar wani Kwara, Balarabe mai kanti a unguwar Zango, ta ba shi irin 'yar la'asar rawaya. Ya aurar da ita da ja don ya gani, wasu suka fito ruwan goro. Ita ma kamar ruwan hoda take, ba ta tsayawa a iri, don haka ya adana saiwoyinta yana tsagawa, ba don wani dalili ba sai don ta yi masa kyau. Da aka fito da tutar ƙasa a ƙarshen 1959, ruwan goro da fari da tsanwa, wani ma'aikacin biro, wato ofishin gwamnati, da ake kira Mushe Dodo, wanda ya taɓa ganin furen a gidan likita, ya zo har Birni. An ɗora masa gyaran filin da za a yi bikin samun 'yancin kai, yana son a shuka tutar a ƙasa, da rai.

Nomau ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambayi lokacin da za a yi bikin.

"Da hantsi, Baba."

"Ba ta buɗewa da hantsi, Mushe. Lokacin rufewarta ke nan."

"Ba yadda za a yi?"

"In an tashi da hadari takan daɗe. In na yi mata inuwa, wataƙila ta kai ƙarfe tara."

Mushe Dodo ya ce manya za su iso takwas da rabi, an rubuta. Nomau ya ce to.

Wata uku ya yi a kan wannan fili. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya jera ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'irar ruwan goro a cibiya, a ƙasa kuma ya shuka gyaɗa don tsanwa, ya ce ba ganyen da ya fi nata cika ido, kuma in an gama sai a ci. Ranar uku ga Agusta aka tashi gari garau, ba ko ɗigon girgije. Tun asuba ya kafa zana a gabas ya tare rana. Ƙarfe takwas na je na gani, tuta ce sosai, ba wanda zai ce ba ita ba ce. Tara ta yi, manya ba su zo ba. Furanni suka fara tsukewa. Da aka iso wajen sha ɗaya aka ɗauke zana, abin da ke wurin fili ne kore, layi uku, da 'yan ɗigon kala kamar an yayyafa. Manya suka wuce ta gabansa ba wanda ya juya. Aka yi jawabai, aka ɗaga tutar ƙyalle, aka yi ta tafi. Mushe Dodo bai ko dubi Nomau ba.

Na ce masa mu tafi gida. Ya ce zai jira, akwai awaki. Na je na ci abinci na dawo bayan la'asar na same shi zaune a inuwar zanarsa, furannin da suka yi sabon toho suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna dawowa daga kallon kokawa, wasu suka tsaya. Mata masu tallan fura suka sauke ƙorai. Kafin magariba an taru fiye da ɗari, ba hayaniya, ana ta nuna wa juna da'irar tsakiya. Mushe Dodo ya biyo a kan keke zai tafi gida, ya sauka, ya riƙe keken ya daɗe a tsaye. Da zai tafi ya matso ya gaishe da Nomau da hannu biyu, ya tambaya ko zai samu saiwa ɗaya ya kai wa tsohuwarsa. Nomau ya ce sai kaka, in ganye ya bushe, yanzu in an tuge za ta mutu. Da kaka ta yi ya aika masa guda uku.

Likita da Madam sun tafi a ƙarshen wannan shekara. Ta bar masa almakashin garka da arozuwar. Sabon likitan da ya shiga gidan ɗan ƙasa ne mai iyali da yawa, ya ce a tuge fure a shuka tumatir da salati da albasa. Na zaci abin zai ɓata wa Nomau rai. Ko kaɗan. Ya ce shi manomi ne tun asali, kuma yaran gidan suna bukatar miya. Ya kwashe saiwoyinsa a buhu ya rarraba a Birni da Zango, duk wanda ya ba sai ya gaya masa: in kalar kake so ka riƙe saiwa, in kana son ka ga abin da Allah zai fitar ka shuka iri. Jan mai ƙamshi ya zauna a zuriya ta shida, mafi yawan 'ya'yansa suna fitowa da shi. Mata suka riƙa kiransa jan Ya Bintu, ba shi ne ya sa sunan ba.

A daminar 1962 ya ƙwanƙwasa mini katanga ya ce in zo in ga wani abu. Tsiro ne guda, daga irin fari. Reshe ɗaya furensa fari ne mai zane-zanen ja kamar an ja da alƙalami, wani furen rabinsa ja rabinsa fari, an raba daidai, wani reshen kuma ja zalla. Duk a gindi ɗaya.

"Wannan fa, Mushe? Wace hula ce?"

Na duba littattafan da nake da su, na rubuta wa wani abokina da ke aikin gona a Maraɗi, ba wanda ya ba ni amsar da zan iya kai masa. Na je na ce masa ban sani ba. Ya yi murmushi, ya ce madalla, da ma yana tsoron aiki ya ƙare masa. Ya nemo sababbin gwangwanaye, wannan karon biyar, ya fara tara irin kowane reshe daban.

Damina biyu ya yi yana wannan ƙirga. A ta uku ƙafafunsa suka kumbura, 'yarsa ta zo daga Zarmu ta tafi da shi a kan jaki, ya rasu a can bayan an gama girbin gero. An ce mini har ranar da ya kwanta yana fita bakin gona ya taya surukinsa zaɓen zangarniyar da za a ajiye don iri.